Nobel, AlphaFold da ciwon sikila: me ake nufi da hulɗar furotin, kuma yaushe za ta iso asibiti?

Shin da gaske ne kwamfuta ta gano sirrin furotin, har maganin kowace cuta yana nan tafe? Tambayar ta fara yawo ne a watan Oktoban 2024, lokacin da aka ba David Baker da Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Biyun ƙarshe su ne suka jagoranci ƙera AlphaFold, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai hasashen siffar furotin, a kamfanin Google DeepMind. Kafin labarin ya iso rukunonin WhatsApp na Agege da Mile 12, ya riga ya yi ƙiba a hanya. Har yanzu yana dawowa lokaci-lokaci, kowane zuwa da sabon gishiri.

Wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya a Idi-Araba, wanda jikarsa ke fama da sikila, ya tare ni bayan la'asar da wayarsa a hannu. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai karance-karance. An ce na'ura ta gama gano komai. To yarinyar nan fa, yaushe za a ba ta nata?" Na ce, "Baba, abin da na'urar ta yi shi ne ta ɗauki hoton kowane mutumin gari. Wa ke ciniki da wa, wa ke gaba da wa, wannan da saura." Ya ce in yi masa Hausa. Ga Hausar.

Wane furotin ake nufi?

Da an ce furotin, hankalinmu kan tafi ga kifi da ƙwai da wake da nama. Ba kuskure ba ne, sai dai wannan kayan gini ne kawai. Ciki yana farfasa abin da muka ci zuwa ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, jiki kuma ya sake jera su kamar 'ya'yan carbi, bisa tsarin da ke rubuce a ƙwayoyin gadonmu. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. Kowane carbi idan an gama jera shi sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, siffar ce kuma ke yanke irin aikin da zai yi. Insulin mai daidaita sukari furotin ne. Himoglobin mai ɗaukar iskar oksijin a jini furotin ne. Haka sojojin garkuwar jiki masu kama ƙwayar cuta.

Gano siffar furotin guda ɗaya a ɗakin gwaji kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Cikin fiye da rabin ƙarni, siffofi kimanin 200,000 masana suka tara da guminsu. AlphaFold ta zo a 2020 ta nuna za ta iya hasashen siffa daga jerin amino asid kawai, zuwa 2022 kuma aka saki hasashen fiye da miliyan 200 kyauta a intanet. Babu mai raina wannan.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Furotin ƙalilan ne ke aiki su kaɗai. Shi kansa himoglobin guda huɗu ne suka rungumi juna, biyu ana ce musu alfa, biyu bita. Injin da ke haɗa furotin a cikin tantani (ƙaramar ƙwayar halitta da aka gina jiki da ita), wato ribosom, ya ƙunshi furotin kusan 80. Wata hulɗar ta zaman aure ce, an haɗu ke nan. Wata kuwa ta ɗan dako da mai kaya ce: a taɓa, a miƙa saƙo, a rabu cikin ƙiftawar ido. Nazarin wannan taɓe-taɓen, da zana taswirarsa gaba ɗaya, shi ne ginshiƙin fannin da ake kira nazarin halitta a dunƙule, wanda ke kallon jiki a matsayin tsari guda maimakon a riƙa ciro sassansa ɗaya bayan ɗaya.

Sikila: harafi ɗaya, hulɗar da bai kamata ba

Idan ana neman misalin da ya fi kusa da mu, ba sai an je nesa ba. Cibiyar sikila ta ƙasa tana nan Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, kuma kusan kowane gida ya san wani mai ciwon. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon, ana kuma ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himoglobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. A tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano ainihin bambancin. Carbin bita yana da 'ya'ya 146. A gurbi na shida, inda ya kamata a sami amino asid mai suna gulutamik, sai aka sami wani mai suna balin. Shi ke nan. Ɗaya cikin 146.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, idan aka ajiye hoton himoglobin mai sikila kusa da na lafiyayye, da ƙyar za a bambance su. Siffar ba ta lalace ba, kuma yana ɗaukar oksijin. Matsalar tana fitowa ne a mu'amala. Balin ba ya shiri da ruwa, yana neman inda zai ɓuya. Idan himoglobin ya sauke oksijin ɗinsa, wani ɗan gurbi kan buɗe a jikin maƙwabcinsa, sai balin ya faɗa ciki. Wannan ya manne wa wancan, wancan ya manne wa na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri. Jar ƙwayar jini ɗaya tana ɗauke da himoglobin wajen miliyan 270, don haka sandunan kan cika ta, su lanƙwasa ta kamar lauje. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana zagaya jiki sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, waɗanda ba su mutu ba kuma su toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yarinya barci daga nan yake.

Akwai kuma wani abu da iyaye da yawa suka lura da shi ba tare da sun san dalili ba: jariri mai sikila yakan yi lafiya lau har kusan wata shida. A cikin mahaifa jiki yana haɗa wani himoglobin daban, na jarirai, wanda ba ya shiga layin sandunan nan, har ma yakan katse su. Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A, tare da tawagar furotin da yake aiki da su, ya kashe fitilar himoglobin na jarirai. Wannan fahimta ce ta haifi Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba. Ba ya gyara balin ko kaɗan. Yana rage ƙarfin BCL11A ne a ƙwayoyin da ke haifar da jini, don himoglobin na jarirai ya dawo ya raba faɗan. Wato an bar mai laifin a inda yake, an je an gyara wani wuri can a cikin saƙar hulɗar. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna amfanin kallon taswira gaba ɗaya.

Ta yaya ake gano wa ke taɓa wa?

Idan furotin 20,000 ne, adadin bibbiyun da za su iya haɗuwa ya kai kusan miliyan 200. Ba a gwada wannan da hannu.

Dabarar farko da ta buɗe ƙofa ta fito ne a 1989 daga Stanley Fields da Ok-kyu Song, kuma da yis aka yi ta, dangin wanda masu burodin Agege ke kwaɓawa. Akwai furotin a cikin yis da ke kunna wata ƙwayar gado. Sai aka raba shi gida biyu, aka liƙa rabi a jikin furotin na farko da ake son gwadawa, ɗaya rabin a jikin na biyu. Idan su biyun suna taɓa juna, rabi da rabi sun haɗu ke nan, fitila ta kama, yis ɗin ya tsiro a abincin da a da ba zai rayu a kai ba, ko ya canza launi. Idan ba sa hulɗa, shiru.

Dabara ta biyu kamun kifi ce. A sa wa furotin ɗaya ƙugiya, a bar shi cikin tantani ya yi harkarsa, sannan a fasa tantanin a jawo shi da duk wanda ya riƙe masa riga, a zuba su a na'urar da ke tantance sinadarai ta hanyar nauyinsu.

Kowace da aibinta. Ta yis takan haɗa furotin biyu da a jikin mutum ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba, ɗaya yana hanta ɗaya yana ƙwaƙwalwa. Ta ƙugiya kuma ba ta bambance aboki da abokin aboki, sannan gajeriyar hulɗa kan suɓuce kafin a jawo ta. A 2000 da 2001, wani rukunin masana a Amurka da wani a Japan suka fitar da manyan taswirorin yis na farko da dabara iri ɗaya. Da aka ɗora wannan kan wancan, kaɗan ne ƙwarai suka dace. Abin ya girgiza fannin, ya kuma koya wa kowa cewa layin da aka zana tsakanin ɗigo biyu zato ne mai ƙarfi ko mai rauni, sai an tabbatar. Taswirar ɗan Adam da rukunin Marc Vidal da abokan aikinsu suka fitar a 2020 ta ƙunshi hulɗa kusan 53,000, alhali ƙiyasin jimillar ya kai ɗaruruwan dubbai.

Gadar Third Mainland da lungun unguwa

Da aka zana taswirorin sai wani tsari ya bayyana. Mafi yawan furotin suna da abokan hulɗa 'yan kaɗan, wasu ƙalilan kuma suna da ɗaruruwa. Mazaunin Legas ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A rufe wani lungu a Agege, mutanen layin ne kawai za su yi ƙorafi. Amma da aka riƙa rufe gadar Third Mainland don gyara a farkon 2024, har wanda bai taɓa hawanta ba ya ji a jikinsa, domin motocin sun kwararo Ikorodu Road da Yaba. A 2001 Hawoong Jeong da Albert-László Barabási da abokan aikinsu suka nuna haka a yis: cire furotin mai yawan hulɗa ya fi saurin kashe tantani fiye da cire na gefe. A jikin mutum, shahararriyar mahaɗa ita ce p53, mai tsaron da ke dakatar da tantanin da ya lalace ko ya umarce shi ya mutu. Ana samun sa a lalace a kusan rabin cututtukan daji.

Sai dai a yi hattara. Tun 1979 ake nazarin p53, dubban masana sun bi ta kansa. Wanda aka fi bincika dole a fi sanin abokansa. Wani furotin da ya bayyana a taswira kamar maraya, mai yiwuwa ba a taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba ne.

Amfani na biyu na taswirar Bahaushe ya riga ya faɗe shi: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Furotin da ke da hannu a cuta ɗaya sukan taru a unguwa ɗaya ta taswira. Idan aka ga wani da ba a san aikinsa ba yana zaune a tsakiyar masu gyaran ƙwayar gado, a nan za a fara tuhumarsa.

Ƙofofin da cuta ke bi

Ƙwayar cuta ba ta fasa gida da ƙarfi. Furotin nata ne ke kama furotin namu, ƙofa ta buɗe. Zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, ya daɗe yana wahalar da masana saboda yana da mabuɗai da yawa na shiga jar ƙwayar jini. A toshe wannan ya bi ta wancan. A 2011 masana a cibiyar Sanger ta Ingila suka gwada furotin na ƙwayar cutar da na saman ƙwayar jini ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa akwai wani mai suna RH5 da dole sai ya kama wani namu mai suna basijin, kuma ba shi da wata hanyar. Yau akwai rigakafin da aka gina kan RH5, an gwada shi a kan yara a Burkina Faso. Daban yake da rigakafin R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, wanda ke tare cutar kafin ta shiga hanta.

Mu kanmu shaida ne a kan wannan. Akwai wani nau'in zazzaɓin, bibaks, da ya addabi Indiya da Kudancin Amurka amma yake da ƙaranci a Afirka ta Yamma, domin mafi yawanmu ba mu da furotin Duffy a saman jajayen ƙwayoyin jininmu, kuma ita ce ƙofar da ya fi bi. Korona, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a nan Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, tana kama wani furotin namu mai suna ACE2. Cikin 'yan makonni a shekarar, rukunin Nevan Krogan a San Francisco ya yi kamun kifin nan da furotin 26 na ƙwayar cutar, ya fitar da hulɗa 332 da furotin na mutum, ya kuma nuna magunguna da sinadarai 69 da za a iya gwadawa. Jerin waɗanda za a gwada ne, gwajin kuwa wani dogon aiki ne na daban.

Inda ake ja-in-ja

Masu kyakkyawan zato suna da hujja. An daɗe ana cewa ba a iya raba furotin biyu da ƙwayar magani, domin inda suke haɗuwa shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, babu ramin da magani zai maƙale. Sai ga venetoclax a 2016, maganin wani dajin jini, wanda aikinsa shi ne shiga tsakanin wani furotin mai suna BCL-2 da abokansa. Sai ga lenacapavir, allurar kariya daga ƙanjamau sau biyu a shekara, mai dagula yadda furotin na ɓawon ƙwayar cutar ke haɗuwa. A gwajinsa na Afirka ta Kudu da Uganda da aka bayyana a 2024, babu ko mace ɗaya cikin waɗanda aka yi wa da ta kamu. AlphaFold 3 da ta fito a Mayun 2024 kuma tana hasashen yadda furotin ke haɗuwa da wani furotin ko da magani.

Masu taka-tsantsan suna cewa taswira hoto ne a tsaye, jiki kuwa motsi yake. Hulɗar da ke nan da safe ba lallai ta kai dare ba, ta ƙoda daban da ta jini. Yawancin manyan taswirori an yi su ne a yis ko a wani tantanin gwaji mai suna HEK293 da aka samo tun 1973 a Holan. Manhaja kuma tana iya zana kyakkyawar runguma tsakanin furotin biyu da ba su san juna ba.

Na fi karkata ga na biyun, saboda wani maganin sikila mai suna voxelotor. An ƙera shi ne daidai kan bayanin da na yi a sama: ya riƙe himoglobin a yanayin da ba ya manne wa ɗan'uwansa. A takarda babu kuskure, adadin jini kuma ya ƙaru a gwaji. Amurka ta amince da shi a 2019. A Satumban 2024, makonni biyu kafin Nobel ɗin da ake ta yayatawa, kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya, bayan bayanai sun nuna alamun ƙarin tashin ciwo da mace-mace. Hulɗar da aka shekara fiye da hamsin ana nazari ke nan, jiki kuma ya zo da nasa lissafin.

Mu fa, a nan?

Abu mai daɗi shi ne rabin wannan aiki a kwamfuta ake yin sa. Rumbunan bayanan hulɗar furotin na STRING da BioGRID da rumbun AlphaFold kyauta ne, haka manhajar Cytoscape ta zana taswira. Ɗalibi a Akoka ko Ojo mai kwamfuta da data yana kallon abin da na Boston ke kallo. Inda ake barin mu a baya shi ne tabbatarwa: na'urar auna sinadarai mai tsada, firjin da ke riƙe sanyi 80 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta ɗaukewa. Cibiyoyi irin su NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba, suna da ƙwararru, amma duk mai ɗakin gwaji a ƙasar nan ya san nawa dizal ke ci.

Kuma akwai dalilin da ya sa bai kamata mu jira wasu su yi mana ba. Mafi rinjayen bayanan ƙwayoyin gado da duniya ta tara na Turawa ne. A 2010 aka gano cewa wasu nau'o'in APOL1 (furotin na jini mai kashe ƙwayar cutar barci), masu yawa a Afirka ta Yamma musamman kudancin Najeriya, suna kuɓuce wa wani furotin da ƙwayar cutar barci ke kama shi da shi don ta kashe masa ƙarfi. Kariya ce daga cutar barci, amma mai nau'in yana cikin haɗarin ciwon ƙoda. Wanda ya taɓa biyan kuɗin wankin ƙoda a Legas ya san wannan ba maganar littafi ba ce.

Ga mai karanta labari a waya, tambayoyi biyu sun wadatar duk lokacin da aka ce "an gano": a kwamfuta ne, ko a kwanon gwaji, ko a ɓera, ko a mutum? Kuma mutum nawa? Daga hasashe zuwa kantin magani yakan wuce shekara goma, mafi yawan waɗanda suka fara tafiyar kuma ba sa isa. Mai tallar ƙwayar da "ke gyara furotin na jiki" a motar haya bai bi ta ko ɗaya daga cikin matakan nan ba.

Da na koma wa dattijon nan da wannan bayani, ya tambayi kuɗin Casgevy. Na ce dala miliyan 2.2 a Amurka, wato idan aka ɗauki dala a naira 1,500, ya haura naira biliyan uku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya kyauta." Sai na gaya masa akwai tsohuwar ƙwaya, hydroxyurea, da Amurka ta amince da ita don sikila tun 1998, wadda ita ma himoglobin na jarirai take ɗagawa, kuma an gwada ta a kan yara a Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, sakamakon ya ƙarfafa gwiwa. Na ce ba a shan ta sai da likita da gwajin jini a kai a kai. Ya miƙo mini bayan wata takardar rasit, ya ce in rubuta masa sunan da manyan baƙi, ranar asibitin yarinyar Talata ce.